Makonni biyun da ke lalata zaɓen cike giɓi

A 2019 Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe kujerar gwamnan Sakkwato da ratar ƙuri'a 342. Akwai rumfunan zaɓe da yawa da masu rajistarsu suka fi haka. A zaɓen gwamnan Osun na 2018 kuma, Ademola Adeleke ne ke gaba da ƙuri'a 353, amma bayan zagaye na biyu Gboyega Oyetola ya haye da 482. Duka biyun sun bi ta ƙofar da ake kira "inkwankulusib", wato zaɓen da bai kammala ba.

Ƙa'idar hukumar zaɓe ta INEC a fili take: idan ratar da ke tsakanin 'yan takara ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana wanda ya ci sai an sake. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Tsohuwar da ta shiga layi tun sanyin safiya, 'yan daba suka zo suka fasa akwati a gabanta, ba ta yi laifin da za a hana ta ƙuri'arta ba.

Abin da ke damuna shi ne jinkirin. Dubi Kano. An yi zaɓen gwamna ranar 9 ga Maris 2019, Abba Kabir Yusuf na gaban Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'a 26,655, sai aka ɗage cike giɓin zuwa 23 ga wata. Kwana goma sha huɗu kowane ɓangare na riƙe da lissafi a hannu: ƙuri'a nawa ake nema, a wace rumfa, a wane lungu. Mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa ta zama filin daga, kuɗi da matsin lambar da ya kamata su watsu a ƙananan hukumomi 44 suka taru a 'yan unguwanni. Ranar zaɓen kuwa, masu sa ido sun ba da rahoton tsoratarwa da tashin hankali. Ganduje ya ci da ratar 8,982, kuma har yau ana cacar baki a kai.

Ga ra'ayina: duk rumfar da aka soke, a sake zaɓenta cikin kwana biyu, kafin a fara tattara sakamakon jiha, tun ba wanda ya san giɓin da ya rage. Wanda kuma aka kama yana fasa akwati, a gurfanar da shi tare da wanda ya aiko shi.