Wa Zai Ɗinka Kayan Dokin Jikokinmu?

Mu Katsinawa ba a fin mu kirari. Ka haɗu da ɗan Katsina a Legas ko a Makka, ba a jimawa zai ce maka ta Dikko ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Mutumin Daura kuwa zai tuna maka garinsu ne tushen Hausa. Duk gaskiya ne, ni ma ina faɗa, ina kuma jin daɗin faɗa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen da ke riƙe da abin da muke tinƙaho da shi, wato dukawa, majema, maƙera, marina, magina, maɗinka, makaɗa da marubuta, ba ma biyan su haƙƙin aikinsu, ba ma kuma ba su girman da zai sa 'ya'yansu su so su gaje su.

Ku dubi hawan Sallah kawai. Ranar da Sarki ya fito Ƙofar Soro ta cika ta batse, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, a sa a Facebook, 'yan uwa na nesa su yi ta rubuta Allah ya ja zamanin Sarki. To ku tsayar da doki guda ku ƙirga hannun da ya taɓa shi kafin ya iso filin nan. Sirdin masassaƙi ne ya fafe shi, baduku ya lulluɓe shi da fata. Fatar nan majemi ne ya jiƙa ta a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta a bagaruwa, ya yi mata ja da karan dafi. Linzami da likkafa aikin maƙeri ne. Jalala da kayan ƙawar da ke goshin dokin wani ne ya zauna ya duƙufa kansu da allura. Rigar da ke jikin mahayin, in aska takwas ce ta hannu, watanni aka yi ana ɗinkinta, sannan ta je wurin mabuga. Ga mai algaita, ga mai kakaki, ga mai tambari, kowannensu tun yana yaro yake koyo a gaban ubansa. Yini guda ko biyu muke kallo, su kuwa aikin shekara ne da gadon kakanni.

A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Na taya Kanawa murna, na kuma ga yadda namu suka yi ta cewa ai hawan Katsina da na Daura ba su da na biyu, musamman hawan Sallar Gani. Ban musa ba. Amma takardar wata hukuma ba ta ɗinka sirdi. In babu wanda ya iya aikin, nan gaba da kayan roba da na kanti za a riƙa hawa, sunan dai yana nan.

Akwai wani dattijo baduku a cikin gari da nake kai wa aiki. Yana zaune kan buzu a zaurensa, gabansa katako mai santsi da ya sha yanka, ga wuƙarsa da basilla, ga ɗan kaskon kunun ɗauri. Rannan ina wurin wani mutum ya zo da babbar mota, shaddarsa na ɗaukar ido, ya ɗauki gafaka da tsohon ya yi wa ado da siraran zaren fata kore da ja. Ya tambayi kuɗi, aka faɗa masa. Sai ya taya ƙasa da rabi. Tsohon ya ce, “Alhaji, albarka. Ko kuɗin fatar bai fita ba.” Mutumin ya ajiye ya tafi. Na tabbata in ya shiga kantin sayar da takalmin ƙasar waje, abin da aka rubuta a jiki shi yake biya, ba ya ko neman ragi. Da ya fita na ce, “Baba, ina yaran gidan nan, ba mai taya ka?” Bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba ya ce, “Ɗana, wa zai zauna? Ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana sayar da katin waya. Ban hana su ba, abinci suke nema.” Ban ga laifin yaran ba ko kaɗan. Laifin namu ne, mu masu saye.

Bayan kuɗi akwai abin da ya fi shi ciwo, wato raini. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: gida nawa ne a garin nan za su ba ɗan makaɗi ko ɗan majemi 'yarsu ba tare da an yi ta ƙus-ƙus ba? Muna son kiɗan, muna jin tsikar jikinmu na tashi in an busa kakaki, amma mai busar muna ce masa maroƙi mu kau da kai. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, kabarinsa na Daura. Yau kowa na alfahari da shi. To amma in yaro ya taso a gidanmu da irin wannan baiwa, ya ce zai bi kalangu, mu nawa ne za mu sa masa albarka? A da akwai tsarin da ya riƙe irin waɗannan mutane. Sarakuna da hakimai da attajirai su ne iyayen gidansu, a ba su doki, a ba su riga, a ba su gona, a biya musu kujerar Makka. Kowa ya san yadda marigayi Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya riƙe Shata. Wannan tsari ya yi rauni, masarautu ba su da ƙarfin aljihun da, kuma ba mu kafa komai a madadinsa ba. Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne ya jira lokacin zaɓe ya yi wa ɗan siyasa waƙa, sannan mu dawo muna zaginsa da kwaɗayi.

Na san akwai 'yan uwa da ke ƙyamar kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma ina girmama su. Mu ajiye kiɗan gefe, mu ɗauki abin da ba a jayayya a kansa. Garin nan na Wali Ɗan Marna ne da Wali Ɗan Masani, malaman da suka yi rubutu da waƙe tun ƙarni na 17. Daga nan Muhammad al-Kashnawi ya fita, wanda ya yi rubutu a kan lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har gobe akwai alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa da kansu, akwai masu zayyanar allo. A gidajen malamai na Masanawa da Gambarawa da sauran tsofaffin unguwanni akwai takardun Larabci da na ajami da aka gada. Takarda ba ta jure gara da ɗigar ɗaki. In magada suka raba gado, ko gidan ya faɗi a damina, shi ke nan. Ɗaukar hoton waɗannan takardu a adana a kwamfuta ba aikin biliyoyi ba ne, ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua za su iya yi in an ba su kayan aiki da ɗan abin sawa a aljihu, kuma masu takardun su ci gaba da riƙe abinsu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman bai rubuta tarihin Katsina daga iska ba, irin waɗannan takardu da bakin tsofaffi ya bi.

Haka gini. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta ya kusa mita 15, kuma da ƙasa aka yi ta. Ginin ƙasa kowa ya san halinsa, yana son yaɓe bayan damina, yana son hannun da ya san tubali, ya san yadda ake jera azara, ya san haɗin makuba da ɗaurin guga. Abin da ya tsayar da ita har yau shi ne ba a taɓa rasa magina a garin ba. Yanzu fa? Duk wanda ya samu kuɗi abu na farko shi ne ya rushe soron gidansu ya sa bulo, alhali ya san a watan zafi soron ya fi sanyi. Ganuwa kuwa mun ga yadda aka yi ta cin ta, wani ya ɗebi ƙasa, wani ya yi gini a kai. Sunayen na nan a bakinmu, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka da Turawa suka shigo ta cikinta a 1903, amma yaro ɗan firamare zai yi wuya ya nuna maka inda bangon ya bi. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau gidan tarihi ce. Ku tambayi kanku, ba don ni ba, yaushe rabon da ku kai 'ya'yanku can, ko Rijiyar Kusugu, ko Durɓi ta Kusheyi?

Wani zai ce, Malam, ana fama da 'yan bindiga, ƙauyuka sun watse, abinci ya yi tsada, kai kana maganar sirdi da algaita. Wallahi ban raina wannan magana ba, babu gidan da masifar nan ba ta taɓa ba a jihar nan. Sai dai ni sana'a nake magana a kai. Karofi guda mai aiki yana ciyar da mai noman baba, da marini, da mabugi, da dillali. Baduku mai ciniki yana ɗauke da mahauci da majemi. Saurayin da ke zaune gaban maƙera daga safe zuwa la'asar, yana tashi da na cefane, ba shi ne ake ruɗa da kuɗi kaɗan ba. Har masu shirin fim da mawaƙan zamani da marubuta littattafai na nan garin da yawansu, amma duk wanda ya fara tashe sai ya tattara ya koma Kano ko Kaduna, domin a can kasuwar take.

Marubutan ma abin tausayi ne. A kira taron ƙaddamar da littafi, manya su zo su yi alƙawarin kuɗi a gaban lasifika, a tafa, a watse. Marubucin ya yi ta zarya ofis-ofis har takalminsa ya suɗe, ga bashin maɗaba'a a wuyansa. Wanda ya saya kuma, kafin mako ya zagayo an ɗauki hoton littafin an watsa a WhatsApp kyauta. Wannan cin haƙƙi ne, ko da wanda ya tura yana ganin taimako ya yi.

Ba na cikin masu jiran gwamnati ta yi komai, amma akwai abin da ke hannunta wanda ba ya buƙatar sabon kasafi. Kullum ana baƙi a jihar nan, kullum ana ba da kyautar girmamawa, kuma yawanci gilashi ne ko katako da aka sayo daga wani wuri. Me zai hana doka ta ce duk kyautar da za a ba baƙo da sunan Katsina aikin hannun Katsina ce? Haka bankuna da kamfanoni da makarantu masu zaman kansu. Tsohon baduku ba taron bita yake buƙata ba, odar aiki yake buƙata, mai yawa, a kan kari, a biya shi rabi kafin ya fara. Ranar da ya ga aikin ya fi ƙarfin hannunsa, da kansa zai kira yaro ya zaunar, ya kuma iya ciyar da shi. A haɗa masu sana'ar da makarantun koyon sana'a, a biya su albashin koyarwa kamar kowane malami, a ba wanda ya gama takardar shaida.

Mu kuma talakawa namu ya fi sauƙi. In za a haɗa lefe, a sa turmi guda na saƙi ko rinin gida. In za a yi biki, matan da ke kiɗan ƙwarya a ba su kuɗin da aka yanka tun farko, kamar yadda ake yi wa mai kayan sauti, ba a bar su da abin da aka liƙa musu ba. In ka je sayen hula ko takalmin fata, ka tambayi kwana nawa aka yi ana aikin kafin ka taya. Wanda kuma ke da tsoho mai sana'ar hannu a gida ko a unguwa, ya nemi izininsa ya ɗauki aikin a waya daga farko har ƙarshe, da sunan kowane kayan aiki kamar yadda shi yake kiransa, ya ajiye kwafi a hannun iyalinsa.