Alhaji Mai Albasa da Salular Shafa

Bakin kasuwar Tahoua, rumfar mai sayar da layi da kiredi. Alhaji ya sauko daga motar Galmi, ya zaro wani kwali daga aljihun babbar riga.

Alhaji: Salamu alaikum. Yaro, duba mini wannan madubi. Ɗana ya aiko daga Abijan, wai salula ce.

Yaro: Amin alaikumus salam, Baba Alhaji. Salula ce mana, babba ma. Shafa ta ake yi.

Alhaji: Shafa? Kyanwa ce? Tun jiya nake laluben maɓalli, na danna har yatsana ya yi tsami.

Yaro: A hankali ake bi da ita, kamar kana ɓare albasa.

Alhaji: To, mun ji. Magana ta biyu, layi nake so in sake.

Yaro: Wanne gare ka yanzu?

Alhaji: Celtel.

Yaro: Haba Baba! Celtel ai tun 2008 ta koma Zain, a 2010 ta zama Airtel.

Alhaji: Ni dai ba wanda ya kawo mini goron suna. To, ba ni Orange.

Yaro: Ita ma an sayar da ita tun 2019, yanzu Zamani ake ce mata.

Alhaji: Ikon Allah! Ina zaune wuri guda, ashe sau biyu aka sake mini gida ban sani ba.

Yaro: Wai me ya raba ka da tsohon layin?

Alhaji (ya waiga, ya rage murya): Amarya. Layinta daban, nawa daban. In na zuba kiredin dala ɗari, kafin mu gama ina kwana, ina gajiya, ina gida, ya ƙare tas. Ba mu taɓa kaiwa ga zance ba.

Yaro: Amma ka san lambarka za ta canza?

Alhaji: Madalla! Mai taki ya huta da kirana.

Yaro: Da dillalan Kwatano da kake bi kuɗin buhu arba'in.

Alhaji: Kai, a'a! Tsaya tukuna.

Yaro: Kwantar da hankalinka. Wannan gurbi biyu gare ta. Tsoho nan, sabo nan.

Alhaji: Ashe ita ma da kishiya ake zama! Ba su faɗa?

Yaro: Kowa da ɗakinsa. In za ka kira, sai ta tambaye ka da wanne.

Alhaji: Lallai ta fi ni iya rabon kwana.

Ya miƙa katin ɗan ƙasa aka yi wa layi rajista, aka zuba masa forfe na intanet, yana ƙirga canji sau uku.

Yaro: Saura WhatsApp. Ɗanka ya riga ya saka maka lambobin gida. Ka danne nan, ka yi magana, in ka saki ta tafi. Ba ruwanka da rubutu.

Alhaji (ya juya baya, ya gyara murya): Tauraruwata, don ke na sayi sabon layi. Ga turmin atamfa nan tafe. Kada dai ki bari Hajiya ta ji.

Yaro: Baba, wane suna ka taɓa?

Alhaji: Na farko mana. Wa zai zama na farko in ba ita ba?

Yaro: An rubuta "Inna" a nan.

Alhaji: Innar wa?

Yaro: Ai ɗanka ne ya rubuta.

Alhaji: Maza janyo ta! Janyo ta, yaro!

Yaro: Ka ga alamar nan ta yi shuɗi? An riga an saurara.

'Yar tsohuwar Nokiarsa mai tocila, wadda ake ɗaure da roba, yanzu babu layi cikinta, ta yi tsit. Sabuwar ce ta ɗauki kuka a hannun Alhaji.

Alhaji: Ɗauka ka ce mata babu rezo.

Yaro: Sanda huɗu ne cif, Baba.

Alhaji: To mota ƙarfe nawa take tashi?

Yaro: Ta Galmi? Bayan la'asar.

Alhaji: Wa ya ce maka Galmi? Ta Abijan nake tambaya.