Takarda ɗaya ta tsare ni, wai kiɗa ba karatu ba ne

Jiya da la'asar imel ya shigo daga makarantar da na fi sa wa rai a Amurka. Malaman sashen tsara kiɗa sun gama duba aikina, amma ofishin ɗaukar ɗalibai ya ce ba zai yanke hukunci ba sai takardar sakamakona ta iso kai tsaye daga jami'ar da na gama. Takardar da na biya kuɗinta tun kafin sanyi ya shigo!

Wanda ya taɓa neman digiri na biyu a wannan fanni ya san azabar. Yawancin makarantun kiɗa na can ranar 1 ga Disamba suke rufe karɓar takardu. Ka tura rubutun kaɗe-kaɗen da ka tsara tare da sautinsu, su tace, wanda ya tsallake a kira shi ganawa tsakanin Janairu da Maris. Kusan kowace makaranta sai ka ajiye mata wajen dala ɗari, alhali dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Daga nan sai jira. Su sai da la'asar ɗinmu suke buɗe ofis, don haka waya na hannunka har tsakar dare, ko saƙon banki ne ya shigo sai gabanka ya faɗi. Duk wannan na haɗiye shi. Abin da ya gagara haɗiyuwa shi ne wanda aka yi mini yau da safe a ofishin takardu.

Na yi sallama. Akawun yana kan teburi da ƙosai a takarda, bai ɗago ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar takardar sakamakona ce." Na ajiye rasit a gabansa. Ya ture shi da bayan hannu don kada mai ya taɓa, ya ce, "Ina za a kai?" Na faɗa masa. "Me za ka karanta?" Na ce tsara kiɗa.

Sai a nan ya ɗago. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Ka ji samari, wai roƙo zai je koyo a Amurka." Suka kwashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Kalangun ma sai an hau jirgi? Ka je gidan biki mana, kyauta za a koya maka, har da tuwo."

Na danne zuciyata na ce, "Malam, lokaci ne ke ƙurewa. Jami'o'in can zuwa 15 ga Afrilu ɗaliban da aka ba tallafi suke amsawa. Idan fayil ɗina bai cika ba, kuɗin wani za a ba." Ya lashe yatsa ya ce, "To mu ba a Amurka muke ba. Mai sa hannu ya yi tafiya. Akwai likitoci da injiniyoyi a layi, masu karatun gaske. Ka dawo wani satin."

Masu karatun gaske! Sannu, mai rabon daraja! Kai da aikinka bai wuce ɗauko fayil ka miƙa ba, yau kai ne alƙalin da ke tantance ilimi? Na so a ce ka zauna dare ɗaya ka gwada daidaita goge da kayan kiɗan tsirkiya huɗu na Turawa a kan takarda, kowanne da layinsa, ba tare da ka kashe wa gogen muryarsa ba. Wani tsohon ɗan badujala ne ya koya mini karanta rubutun kiɗa, kuma wallahi a aljihun rigarsa akwai tarbiyyar da babu ita a wannan ofis gaba ɗaya.

Amma akawun bai ƙirƙiro rainin ba, gadonsa ya yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, muna ta alfahari, amma ɗanmu ya ce zai karanci kiɗa sai mu ce ya lalace. A Nsukka tun farkon shekarun 1960 ake koyar da kiɗa a jami'a. Akin Euba ya ɗauki kiɗan Yarabawa ya ɗora a fiyano har ya zama farfesa a jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Mu da muke da Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos, wa muka tura ya rubuce kiɗanmu?

Gwamnati kuwa ta san makaɗi ranar kamfe, a ɗora shi a mota ya wasa ɗan takara har muryarsa ta dushe. Tallafin karatu ya zo, na masu man fetur ne da malaman jami'a. An bar jami'o'i a rufe wata takwas a 2022, aka cinye wa ɗalibai shekara, ba wanda ya ba su haƙuri. Yanzu sakamakon da ya kamata a latsa kwamfuta a tura shi cikin minti biyar yana kwance a kabad yana shan ƙura, ana jiran mutum ɗaya ya dawo daga tafiya. Ministoci nawa aka yi a ma'aikatar ilimi, aka rasa ɗaya da zai tilasta wa jami'o'i su fitar da takardar ɗalibi cikin mako biyu? 'Ya'yansu ai ba sa bin wannan layi, shi ya sa.