Ku daina ɗora wa Zotero laifin kwanan wata

Lokacin miƙa furojet ya zo, kuma kusan kullum sai ɗalibi ya shigo ofishina yana cewa, "Malam, wallahi manhajar ce ta ɓata min manazarta." A gaskiya na gaji da jin wannan magana, domin galibi manhajar, wato Zotero mai tsara jerin manazarta, abin da aka ba ta shi ta kawo.

Makon jiya wata ɗalibata ta kawo babi na biyu. Ta kafa hujja da wani rahoton jarida da ya fito ranar 3 ga Afrilu, amma a jerin manazarta sai ga 4 ga Maris. Na ce ta buɗe kwamfutar mu gani. Ashe 03/04/2021 ta rubuta a gurbin kwanan wata. Mu a nan, kamar mutanen Ingila, rana muke fara sawa sannan wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, ga kwamfutarta a kan saitin Amurka take tun daga shago. To ina laifin Zotero? Har nuna maka yake yi: a gefen gurbin akwai 'yan haruffa, y da m da d, masu faɗa maka lambar da ya ɗauka a matsayin shekara, wata ko rana. Ba ta taɓa lura da su ba, kuma na san ba ita kaɗai ba ce.

Maganin ba wuya. Rubuta shekara, sannan wata, sannan rana: 2021-04-03. Wannan shi ne tsarin ISO 8601, ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ƙasa da ƙasa, ba ya ɗaukar ma'ana biyu. Daga nan ko salon rubuta manazarta na APA sashenku ke bi, ko MLA, ko Chicago, manhajar za ta jera shi yadda salon ya tanada.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya kuwa shi ne tsofaffin littattafanmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya rasu a 1837. Amma sai ɗalibi ya samu sabon bugu, a ce na 2013, ya rubuta "Bello, 2013", tamkar wani malamin jami'a ne da ke raye muna gaisawa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin mai karatu zai kasa gane wa ya riga wa magana, alhali shi ne ginshiƙin nazarin tarihi. APA ya yi tanadi: shekarar asali da ta bugun da ke hannunka, 1812/2013. A Zotero sai ka je gurbin "Extra" ka rubuta "Original Date: 1812". Layi ɗaya tak.

Haka 'yan sashen Larabci da Nazarin Addinin Musulunci. Littattafai da yawa bugun Riyad ko Madina shekarar Hijira kawai suke ɗauke da ita. Ka zuba 1420 haka nan, manhaja za ta ɗauke ta Miladiyya, littafin ya zama ya girmi injin ɗab'i na Gutenberg. Kuma 1420 ta fara ne a Afrilun 1999 ta ƙare a Afrilun 2000, don haka ba a canza ta da ka. Ra'ayina shi ne sassanmu su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, a daina barin kowane malami da son ransa, ɗalibi na wahala a tsakani.

Sai masu gyara da hannu a cikin Word. Ka kwana kana canza watanni ɗaya bayan ɗaya, da ka danna "Refresh" duk aikin ya koma yadda yake, don tushen bai gyaru ba. A cikin rumbun manhajar ake gyara, ko Zotero ne ko Mendeley ko EndNote. In kuma takardar ba ta da kwanan wata sam, bar gurbin fayau, APA zai sa "n.d.", wato babu kwanan wata, da kansa; kada ka ƙirƙiro mata shekara don shafin ya yi kyau.

Ita dai ɗalibar tawa mun zauna mun bi manazarta 62 ɗaya bayan ɗaya, muka samu tara da wata ya zama rana. Ranar Litinin za ta dawo da babi na uku.