Ranar da karnukan Ingila suka bar farauta suka bi aljihuna

Wani abokina, wanda ba ya jin an ce kyauta ya wuce, shi ne ya ja ni wani ƙauye a arewacin Ingila wata Asabar cikin Nuwamba, wai mu je kallon farautar Turawa kyauta. Da yake na taso ina ganin mafarauta suna fita da gora da karnuka bayan girbi, sai na ɗauka babu abin da zai zame mini baƙo. Na sa takalmina na zuwa Juma'a, na cusa kilishin da aka aiko mini daga gida a aljihu.

Karnukan ƙanana ne masu dogayen kunnuwa, irin da ake kira Beagle, kuma da ƙafa ake bin su, babu doki. Akwai shugaba, akwai mai ƙaho wanda shi karnukan ke saurara, sannan ga masu bulala biyu da ke tare waɗanda suka kauce, dukansu cikin koren kwat da farin wando kamar masu zuwa ɗaurin aure. Wani dattijo ya gaya mini cewa ƙungiyar da ke riƙe da rajistar irin wannan garke tun 1891 aka kafa ta, kuma a da zomo suke bi, har dokar 2004 ta hana, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Yanzu mutum ne ke jan tsumma mai wari cikin gonaki, karnuka su bi sawu. Da na tambayi yawansu ya ce sha biyar da rabi. Ina ta neman rabin karen da ido kafin na gane bibbiyu suke ƙirgawa, wato 31. Kyautar ma ba ta tabbata ba, domin hula aka zagaya da ita kowa ya jefa kuɗi.

An busa ƙaho, garke ya tashi, ni kuma ina ƙoƙarin tsallake wani shingen dutse sai santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo. Ban gama salati ba na ga wata karya ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta juyo. Sauran suka biyo ta. Jama'a, karnuka 31 a kan mutum ɗaya mai alwala! Wannan ya sa hanci a aljihu, wancan ya taka mini ciki, wani yana lasar kunnena, ni kuwa ina ta "kai! kai!" da Hausa, harshen da babu wanda ya taɓa koya musu. Mai ƙaho ya busa har fuskarsa ta yi ja, babu wanda ya waiwaye shi, sai da suka cinye har takardar da aka naɗe kilishin.

Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban riƙe karnukan a zuciya ba. Wata tsohuwa ce, mai kimanin shekara tamanin, wadda tun farko ta wuce ni a hawan tudu da sandarta ba ta ko haki. Ta iso ina kwance, maimakon ta ce sannu, sai ta gyara mini magana, wai ba a kiran waɗannan da sunan karnukan gida, suna da nasu sunan na girmamawa. Ta ƙara da cewa karyar da ta fara juyowa a gidanta ta girma, domin al'adarsu ce a rarraba 'yan kwikwiyo gidajen jama'a su yi wata da watanni kafin a mayar da su garke, kuma ba ta taɓa sata ba. Wato ni ne na lalata mata tarbiyya. Da aka je shan shayi a gidan wani manomi, ita ce ta miƙo mini biredi tana tambaya ko akwai saura a ɗaya aljihun.

Abokin nawa kuwa ya rantse bai ɗauki bidiyo ba. Takalmin har yanzu yana bayan ƙofa, ban wanke shi ba.