Ƙaro na daji, dargaza na daji, mu muna tafin shigo da kaya

Tun da Tinubu ya sa hannu kan umarnin nan na 2024 da ya cire haraji kan kayan haɗa magani da ake shigowa da su, mutane ke ta tafi kamar an gama komai. Ni dai wallahi abin haushi yake ba ni, don cikin kayan da aka sauƙaƙa ma shigowa har da abin da ake cuɗa ƙwaya da shi, kuma irinsa na tsirowa a dazukanmu na Zamfara.

Mai ciwon suga ko hawan jini ya san ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana, irin metformin ko nifedipine masu saki a hankali. Sirrinta ba wani siddabaru ba ne, ana cuɗa maganin da wani sinadari mai yauƙi, in ƙwayar ta shiga ciki ta sha ruwa sai bayanta ya kumbura ya yi kauri kamar miyar kuɓewa, maganin ya dinga tsatsowa kaɗan-kaɗan na awanni maimakon ya zube lokaci guda. Tsohon da ke Shinkafi ko Anka wanda ke mance shan magani sau uku a rana, wannan shi ne gatansa. To masanan harhaɗa magani a jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna gwada yauƙin dargaza, na kuɓewa, ƙaron maɗaci da sitacin rogo a wannan aikin, sakamakon kuma yana nan a takarda, ƙura na hawa.

Masu cewa wai namu ba tsafta, ingancinsa na canzawa daga shekara zuwa shekara, to na Turai daga sama ya faɗo a tace? Tacewa aka yi, kuɗi aka zuba.

Sudan da ta fi kowa fitar da ƙaro tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023, duniya na neman inda za ta samu, mu kuma dakwarar tamu, itacen da ke ba da ƙaron, ana sare ta ana gawayi, sauran dajin 'yan bindiga sun hana shiga. Ƙaron da aka samu aka tsinto ma ɗanye ake loda shi a buhu a fitar, mu sayo shi da dala bayan an tace.

Ya kamata gwamnatin jiha ta zauna da NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, da NAFDAC da masu bincike na jami'ar Danfodiyo, a kafa ko da ƙaramar matata ɗaya ce a Gusau, a daina mana taron bita.