Katin bai mutu ba, direbansa ne ya tafi

Jiya bayan la'asar wani ƙanina da ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare ya shigo shagona riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ta a kan tebur, sai ga katunan netwok guda bakwai, irin waɗanda ake sokawa a cikin kwamfutar tebur a jona musu kebul. Ya ce, "Yaya, duk sun ƙone, sai dai a sayo sababbi." Na tambaye shi yaushe suka ƙone. Ya ce tun ranar da aka yi wa injinan fomatin aka ɗora musu sabuwar babbar manhajar Windows mai bit 64. Bakwai a rana ɗaya, ba tsawa, ba wutar NEPA mai ƙarfi? Na hure ƙurar ɗaya, na soka shi a tsohon injin gwajina mai Linux, wata babbar manhaja dabam da Windows, na jona kebul. Kafin ya gama shan ruwan da na miƙa masa, koriyar fitilar bayan katin ta kama ƙyaftawa, shafi ya buɗe. Shida lafiya lau suke. Na bakwai ne kaɗai ya mutu da gaske, shi ma tsatsa ce ta cinye bakin da kebul ke shiga.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin kuskure ne da muke tafkawa kullum a wannan sana'a. Katin netwok ba ya tsufa kamar tayar mota. Abin da ke ƙarewa shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin katin da babbar manhajar kwamfuta. Ranar da tafintan ya tafi, katin na nan da ransa amma ya zama kurma. A Device Manager, shafin Windows da ke jera kayan cikin kwamfuta, sai ka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefen sunansa, kai kuma ka yanke masa hukuncin kisa.

A duniyar Windows, kamfanin da ya ƙera katin ne ke rubuta direba, kuma shi kaɗai ke riƙe da asalin rubutun. Duk sanda Microsoft ta sauya ƙa'ida, sai kamfanin ya dawo ya sake aiki. Kuma ta sha sauyawa. Da Windows Vista ta fito a 2007 ta zo da sabon tsarin direbobin netwok, NDIS 6, sannan nau'inta mai bit 64 ya daina karɓar direban da ba shi da sa hannun dijital. Direban da aka rubuta wa bit 32 kuwa ba ya hawa kan bit 64 ko da za ka kwana kana danna linzami, ga shi Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta da nau'in bit 32 sam. To wane kamfani ne zai biya injiniya albashi ya sabunta direban katin da aka daina sayarwa shekara ashirin da suka wuce? Wani kamfanin ma babu shi. 3Com, wanda Bob Metcalfe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethernet, tsarin jona kwamfutoci da kebul, ya kafa a 1979, wanda katunansa 3c509 da 3c905 suka cika ofisoshin duniya a shekarun 1990, HP ta saye shi a 2010, sunan ya ɓace daga kasuwa. Wa za ka kai wa ƙara?

A Linux lamarin ya sha bamban, kuma ba don mutanensa waliyyai ne ba. Direban yana zaune ne a cikin uwar manhajar kanta, a buɗe, kowa na iya karantawa. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya sauya wani abu a ciki, shi zai bi direbobin da sauyin ya taɓa ya gyara su. Da yawa daga cikin direbobin tsofaffin katunan nan wani mutum ne mai suna Donald Becker ya fara rubuta su a shekarun 1990, ciki har da lokacin da yake aiki a cibiyar Goddard ta NASA, kuma har yau in ka buɗe wasu fayilolin za ka tarar da sunansa a sama. Aikin mutum ɗaya, wasu suka gada suna ta ɗinke shi shekara talatin. Abin da ya kunna fitilar katunan ƙanina ke nan.

Amma kada 'yan'uwana masu wa'azin Linux su fara tafi tukuna. Can ma ana sallamar direbobi. A 2012 an cire Token Ring, wani tsohon tsarin netwok, gaba ɗaya, a 2013 aka share tarin direbobin katunan shekarun 1980 masu shiga tsohon ramin ISA, irin su 3c501. Kuma in za a faɗi gaskiya, ban ga laifinsu ba. Direban da babu mai katinsa a hannu da zai gwada, ai gyara shi tamkar ɗinki ne a cikin duhu. Ga shi kuma katin netwok ƙofar gida ne, duk abin da ya fito daga waje ta nan yake shiga, ƙaramin kuskure a direbansa na iya zama tagar ɓarawo. Mutumin da ke aiki kyauta da daddare bayan ya taso daga wurin neman abincinsa, ba ka da bakin ce masa dole ya ci gaba da reno.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na FreeBSD, wata babbar manhaja 'yar gidan Unix. A 2018 suka sanar cewa za su cire mafi yawan direbobin katunan masu gudun megabit 10 da 100, suka fitar da sunaye, suka ce duk mai amfani da ɗaya daga ciki ya yi magana. A cikin jerin akwai direban Realtek RTL8139, katin nan mai hoton ƙaguwa a kan cif ɗinsa, wanda duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar kafe a zamanin Windows XP ya san shi. Wannan katin ba a taɓa ganin mutuncinsa ba. Bill Paul, wanda ya rubuta masa direba a FreeBSD, a cikin fayil ɗin kansa ya zauna ya wanke shi tas, ya sa shi a sahun mafi munin katunan netwok masu shiga ramin PCI da aka taɓa ƙerawa. Yana da hujja: katin ba ya ɗaukar nauyin komai, duk saƙon da ya shigo sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kwafe shi da kanta daga wuri guda, abin da katunan Intel da 3Com na lokacin suka hutar da ita. Araha ba ta ado. Sai dai arahar ce ta kai shi kowane lungu na duniya, kuma da aka zo sallamarsa masu shi suka yi ca, aka cire sunansa daga jerin. FreeBSD 13 ta fito a 2021 babu direban tsohon katin NE2000, babu na 3c509, amma na katin da aka fi zagi yana nan daram. Ba ingancinsa ne ya cece shi ba, masu shi ne suka buɗe baki.

A nan ne abin ya shafe mu. Su waye suka fi kowa amfani da tsofaffin injina? Ka zaga Beirut Road a Kano ka ga kwamfutocin gwanjo da ake saukewa, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu. Su ne ke shiga makarantu, shagunan buga takardu, da cibiyoyin jarrabawa. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗakunan jarrabawa sun cika da ɗaruruwan injina da aka jona da kebul, don haka mu kebul bai zama tarihi ba, shi ne aikin yau. Amma duk sanda masu manhaja suka tambaya ko akwai mai amfani da kaza, shiru ake ji daga ɓangarenmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma sai ya faɗa. Injiniyan da ke zaune a Jamus da kebul ɗin gilashi har cikin ɗakinsa, in bai ji motsin kowa ba, me zai hana ya ɗauka katin ya ƙare a duniya?

Abin da na koya wa ƙanina jiya ba shi da wuya. Ka manta da sunan da ke jikin kwali, ka nemi lambar cif. A Device Manager ka shiga bayanan katin, za ka ga VEN, lambar kamfani, da DEV, lambar cif ɗin. A VEN, 10EC na Realtek ne, 8086 na Intel, 10B7 na 3Com. A Linux umarnin lspci -nn zai nuna maka su. Da wannan lambar ake neman direba, ba da sunan wani kamfanin da ya manna takardarsa kawai ba. Ka kuma sauke direban netwok a filashi kafin ka yi fomatin, domin injin da ba shi da direban netwok ba zai iya hawa intanet ya sauko da direban netwok ba, wannan tarkon ya sa mutane da yawa hawa adaidaita su koma gida da tsakar rana. Shafukan nan masu babban koren maɓalli da ke alƙawarin nemo maka kowane direba kuwa, ka guje su, na sha kwashe ƙwayoyin cuta daga injinan da suka bi ta can.

Ban ce a rungume tsohon kati har abada ba. Inda ake tura manyan fayiloli, megabit 100 ya yi kaɗan, ɗan adaftan USB mai gigabit ya fi. Amma ɗalibin da ke amsa tambayoyin zaɓi a allo, megabit 100 ya ishe shi har ya yi saura. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma injinan da ba su da cif ɗin tsaro TPM 2.0 ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, don haka ledoji irin ta jiya za su ƙaru a shagunanmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki. Nawa ne a ciki fitilarsu za ta kama da a ce an soka su a wani injin?

Ƙanina ya koma da shida a ledarsa da filashi mai Linux a aljihu, zai gwada a injina biyu kafin ya tunkari shugaban makaranta da maganar. Na bakwan na ajiye shi a durowa, zan cire masa bakin kebul ɗin in ga ko na wani mataccen kati zai zauna.